Yadda ake aiki da rolar gashi mai ɗaukar zafi ta hanyar maganaɗisu

Rola iri biyu aka fi sani a shagunan gyaran gashi na Katsina. Akwai ta roba, wadda ake naɗa wa jiƙaƙƙen gashi sannan a shiga ƙarƙashin draya a zauna ana gumi. Akwai kuma mai zuwa cikin akwati, kowace a zaune kan ƙusarta, a jona a jira mintuna kafin su yi zafi gaba ɗaya, a riƙa ɗauka yatsu na ƙuna. Ta uku ita ce wadda za mu yi magana a kai. Ba ta da ƙusa, ba ta da farantin da ke zafi. Na'ura ce ƙarama mai rami a tsakiya, kamar ɗan turmin daka yaji, don haka a nan turmi za mu riƙa ce mata. Ki jefa rola ɗaya a ramin, cikin 'yan daƙiƙu ta yi ƙara ko fitila ta canza, ki ɗauka. Wadda ta yi suna a wannan fanni ita ce The O ta kamfanin Cloud Nine na Ingila, wadda ke ɗumama rola cikin kamar daƙiƙa 4, kuma wasu kamfanoni sun fito da nasu.

Me ke faruwa a cikin ramin

A jikin bangon turmin akwai wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe, abin da masu gyaran lantarki ke kira koyil. Wutar soket a Najeriya bolt 230 ce, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Allon lantarkin da ke cikin turmin yana karɓarta ya mayar da ita mai juyawa sau dubbai masu yawa a daƙiƙa, ya tura cikin koyil. Wannan ke haifar da ƙarfin maganaɗisu mai kai da komo a tsakiyar ramin. Ita kuwa rola, a ƙarƙashin robarta akwai ƙarfe. Da ƙarfen ya shiga wannan fili sai wata wuta ta taso tana zagaye a cikin jikinsa, shi kuma yana yi mata turjiya, turjiyar ce ke zama zafi. Asalin ilimin tun 1831 ne, lokacin da Michael Faraday ya gano cewa maganaɗisu mai motsi na haifar da lantarki a cikin waya. Shi ne dai abin da ke aiki a murhun lantarkin nan mai fuskar gilashi da ba ya karɓar kowace tukunya sai wadda maganaɗisu ke kamawa.

Abin da ya kamata mai gyaran gashi ta riƙe daga duk wannan bayani guda ne: zafin daga ciki yake farawa. Lokacin da kika ciro rola, ƙarfen ciki ya riga ya yi zafi amma robar waje ba ta ji ba tukuna. A hannu za ki ji ɗumi kaɗan kamar ƙwan da aka sauke aka bari ya sha iska. Ki riƙe ta rabin minti kuwa, ki ji tana ƙara zafi a tafin hannunki ba tare da an jona ta da komai ba. Wannan ɗan tsakanin shi ne lokacin aikinki. A cikinsa ake so ki gama naɗi, domin zafin ya fito ya tarar da gashi a jikinta. Rolar da ta gama fitar da zafinta a kan tebur ko a hannunki ta yi asara.

Zafin da irin wannan rola ke kaiwa yana wajen digiri 130, alhali ƙarfen miƙar da gashi na iya kaiwa 230. Shi ya sa illarta ga gashi ba ta kai ta ƙarfen ba. Shi ya sa kuma ba ta miƙar da gashi mai tauri, kuma wadda ta saye ta don wannan ta yi kuskuren saye.

Kafin saye, da wajen jonawa

Juya turmin ki karanta rubutun ƙasansa. Idan an rubuta 220 zuwa 240, ko 100 zuwa 240, ya dace da wutarmu. Idan 110 ko 120 kaɗai aka rubuta, na Amurka ne, kuma jonawa ɗaya ta isa ta ƙone allon. Wannan ya fi faruwa da kayan gwanjo da tsarabar 'yan'uwa. Adafta mai sauya bakin filogi ba ta rage ƙarfin wuta. Sai taransifoma mai saukar da wuta wadda ƙarfinta ya wuce na na'urar.

Ki gwada a gaban mai sayarwa. Na gaskiya, bayan rola ta farko, in kika sa yatsa a ramin za ki ji shi da sanyinsa ko ɗumi kaɗan. In ramin kansa ne ke zafi, ko sai an jira mintuna, to rolar wuta ce ta gargajiya aka yi wa sabon kwali. Ki tambayi kuma inda za ki samu ƙarin roloji da kilif (abin maƙale rola a gashi) na wannan kamfanin, domin rolar wani ba lallai ta yi aiki a turmin wani ba, kuma turmi ba rola ado ne kawai.

Turmin ba ya shan wuta a jere kamar draya. Kurɓa yake yi, babba, na ɗan lokaci. A ce ƙarfen cikin rola giram 30 ne, ana so a ƙara masa digiri 100 cikin daƙiƙa 4. Lissafi ya nuna ana buƙatar wat kusan 340 a wannan ɗan lokacin, ban da abin da ke salwanta a hanya. Shi ya sa za ki ga ƙwan fitila ya ɗan lumshe duk sanda kika jefa rola in wutar ba ta da ƙarfi. Saboda haka:

Kada ya raba soket da draya. Drayar hannu ta shago takan ci wat 1800 zuwa 2000, in suka haɗu a kan ƙaramar waya mai baki da yawa, wayar ce za ta yi zafi.

In unguwarku wuta na zuwa ƙasa-ƙasa da yamma, ki sa sitabilaiza.

In da sola kike aiki, inbatar ta zama mai fitar da wuta sumul irin ta soket. Mai arha da ke fitar da wuta mai kusurwa tana sa irin wannan allo ya riƙa tsiwa, ya yi zafi, ko ya ƙi tashi. Ki ba inbatar sarari, ƙarfinta ya ninka abin da aka rubuta a ƙasan turmin.

Ƙaramin injin nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, wutarsa hawa da sauka take. In ba makawa, a bar shi ya daidaita tukuna, a kashe sauran kaya masu nauyi, kuma a zare turmin kafin a kashe injin.

Ki ajiye turmin a kan teburin katako ko na roba, busasshe, nesa da wurin wankin kai. Duk wani ƙarfe da ya faɗa ramin yana iya yin zafi: fil ɗin ɗankwali, allurar ɗinkin gashi, ɗankunne, zobe. Ki cire zobe da awarwaro kafin fara aiki. Waya da katin ATM su zauna can gefe. Mai ɗauke da na'urar daidaita bugun zuciya kada ta zauna kusa da shi. Ga murhun girki mai irin wannan aiki, shawarar da ake ba su ita ce tazarar santimita 60, kuma ya fi kyau ta tambayi likitanta.

Shirya gashi

A nan yawancin aiki ke lalacewa, tun ba a taɓa rola ba.

A wanke kai a fitar da mai tas. Gashin da aka saba shafa wa man kaɗe, man shanu ko basilin yakan buƙaci wanki biyu. Mai na yi wa gashi nauyi ya hana naɗi tsayawa, yana toshe ƙananan ƙayoyin da ke jikin rola masu kama gashi, kuma da ya ji zafi wari yake tayarwa wanda ba ya barin roba da sauƙi. Wadda ta yi haɗin chebe a kanta sai an wanke shi sarai, garin na maƙalewa.

Bayan wanki da kwandishana, a fesa maganin kare gashi daga zafi, kaɗan, a taje ya bi ko'ina. Sai a busar, bushewa ta gaske har saiwa. Ki cusa yatsu a ƙeya, inda gashi ya fi cika. In kin ji sanyi-sanyi, da saura. Dalili biyu ne. Na farko, abin da ke riƙe siffar gashi na ɗan lokaci wasu ƙananan ɗaure ne a cikin silin gashi, waɗanda ruwa da zafi ke kwancewa, su sake ɗaurewa in gashi ya bushe ya huce. Gashi mai laima ba zai ɗaure ba, kina cirewa zai zube. Na biyu, ruwan da ke cikin sili in ya ji zafi mai yawa tururi yake zama, ya kumbura silin daga ciki ya bar shi da rauni.

Gashin da ba a taɓa sa wa rilaksa ba, sai an miƙar da shi da draya mai bakin mataji, kashi-kashi. In ana son sheƙi sosai a bi shi da ƙarfe sau ɗaya a matsakaicin zafi. In aka naɗa shi a cukurkuɗe, ƙayoyin rola za su kama shi, cirewa ta zama tsiga. Mai rilaksa ba ta buƙatar wannan, amma ranar da aka sa rilaksa ba ranar zafi ba ce. A bari sai wanki na gaba. Gashin kanti na roba kada a sa masa sai kwalinsa ya faɗi zafin da yake ɗauka. Na mutum, ko hular gashi ta gashin mutum, yana karɓa lafiya, har ya fi sauƙi domin a kan kan roba ake yi, ba mai cewa wayyo.

Zaɓen girma

Rolojin na zuwa ne daga milimita 20 zuwa 60 a faɗi. Ba son rai ke zaɓa ba, tsawon gashi ne. Zagaye ɗaya na rola mai 20 yana cin gashi kamar santimita 6. Mai 30, santimita 9 da rabi. Mai 40, kusan 12 da rabi. Mai 50, kusan 16. Mai 60, kusan 19. Gashi na buƙatar zagaye ɗaya da rabi kafin ya nuna lanƙwasa, biyu zuwa biyu da rabi kafin ya zama naɗi sosai. Kenan gashi mai tsawon santimita 20 zai yi naɗi a kan mai 30, ya yi lanƙwasa mai laushi a kan mai 40, a kan mai 60 kuwa tashi kawai zai yi daga saiwa. Ga yawancin kawunan da ke shigowa shago, 20 da 30 da 40 su ne masu aiki. Manyan na gashin kanti ne mai sauka gadon baya. Cikakken kai yakan ci rola 12 zuwa 20, ya danganta da cikar gashi, don haka saiti ɗaya da ke zuwa da turmi sau da yawa ba ya isa.

Naɗin kansa

Ki jera komai kusa da hannunki: roloji bisa girma, kilif, kibiya ko mataji mai wutsiya, da 'yan takardu marasa kauri don bakin gashi. Turmi a gefen hannun da kika fi amfani da shi.

Ki tsaga kai uku: layi ɗaya daga goshi zuwa ƙeya mai faɗin tsawon rola, sai gefe biyu. Daga tsakiyar kai ake farawa, domin nan ne ake son tashi, kuma rolar da aka fara sawa ita ta fi daɗewa.

Ki ɗebi kashi ɗaya. Faɗinsa kada ya kai tsawon rola, a bar ɗan sarari a kowane gefe. Kaurinsa kada ya wuce faɗin rola. In gashin mai cika ne, rage. Kashi mai kauri, na ciki ne kawai ke jin zafi, na waje ya fito a miƙe.

Taje shi sumul ki riƙe da hannu ɗaya. Sai yanzu, ba kafin nan ba, za ki jefa rola a turmi da ɗaya hannun. Wannan jerin shi ne sirrin na'urar: gashi ke jiran rola, ba rola ke jiran gashi ba. Masu koyo sukan ɗumama biyar su jera a tebur don sauri, su ƙare da naɗin da rabinsa ya kama rabinsa bai kama ba.

Da ta yi alama, ɗauka. Ki ɗora ta kusa da bakin gashi, ki shafa bakin ya kwanta a jikinta, ki tura abin da ya fito da wutsiyar mataji. In bakin ya lanƙwashe baya, haka zai fito kamar ƙugiya, kuma babu gyara sai an sake. Gashin da bakinsa ya tsattsage ko ba tsawo ɗaya ba, ki rufe shi da 'yar takarda kafin naɗi. Sai ki naɗe zuwa saiwa da ja matsakaici.

Kusurwar da kika ɗaga gashi ita ke yanke yawan tashi. In kika ja shi gaba, ya wuce tsaye, rolar za ta zauna daidai kan gindin kashin, tashi ya fi yawa. Wannan na tsakiyar kai ne. In kika riƙe shi tsaye cak, rabin rola ke hawa gindi, tashi matsakaici. In kika kwantar da shi baya, rolar ta sauka ƙasan gindi, saiwa ta kwanta. Wannan ya dace da gefe da ƙeya, da kuma wadda za ta ɗaura ɗankwali a kai.

Ki sa kilif. In yana barin shaida a gashi, sa 'yar takarda a ƙarƙashinsa. Kusa da kunne da goshi a cusa auduga tsakanin rola da fata, domin ki tuna zafin bai gama fitowa ba lokacin da kika saki. Ki faɗa wa mai kan tun farko: "Hajiya, zafin a hankali yake zuwa, in kin ji ya yi maki yawa ki faɗa mani." Amare musamman ba sa magana, sai dai ki ga ana murza yatsu a cinya.

Gashin gaban goshi a yi masa sassauci. Yawancin kawuna sun riga sun sha ja wajen kitso, kuma ja a kai a kai ne ke cinye wannan wurin. In ya yi gajarta, a bar shi, a kwantar da shi daga baya.

Jira

Zafi kwance gashi yake yi. Hucewa ce ke ɗaure shi a sabuwar siffa. Don haka ba a cire rola sai ta huce sarai, abin da kan ɗauki minti 15 zuwa 20. A watan Afrilu, da zafin Katsina ke kai digiri 40, ya kan fi haka, sai a kunna fanka ko a bi kan da iskar sanyi ta draya. Wasu roloji na da ɗigo mai canza launi da zafi. Ya taimaka, amma bayan hannunki ya fi shi gaskiya. Ki taɓa gashin da ke kan rolar, ba bakinta ba. Ga amarya, wannan ne lokacin kwalliyar fuska, ba a yi asarar komai ba.

Wajen cirewa a fara daga ƙeya a hau sama. Cire kilif, riƙe saiwa da yatsu biyu, ki warware rolar a hankali ta hanyar da ta shiga. Kada a fizge ta gefe. Kowane naɗi a bar shi ya koma yadda yake, kada a taɓa sai an cire duka. Sannan ki ɗiga mai marar nauyi ɗigo 2 ko 3 a tafin hannu, ki murza, ki raba naɗin da yatsu ko mataji mai manyan haƙora. Feshin riƙe gashi daga nesa, kamar tazarar santimita 30.

Yanayi na da nasa hukunci. Da hunturu naɗi na daɗewa amma gashi na bushewa ya riƙa tashi yana bin mataji, don haka a ƙara kwandishana wajen wanki, ba mai bayan naɗi ba. Da damina, wajen Agusta, laimar iska na kwance naɗi, gashin da aka miƙar kuma ya fara komawa gidansa. A sauka girma ɗaya a rola, a rage kaurin kashi. Wadda za ta sa hijabi ko ɗauri, a tattara naɗin sama a kama da fil a sako-sako, a rufe da ɗankwali mai santsi kafin na waje.

In abu ya ƙi

Naɗi ya zube cikin awa ɗaya: ko an cire da ɗumi, ko gashi da laima, ko kashi ya yi kauri, ko mai ya yi yawa. Ki bi su a wannan jerin, na farko ya fi yawa.

Saiwa ta tashi, baki a miƙe: rolar ta yi wa gashin girma, ko bakin ya zame wajen naɗi.

Rola ta maƙale: kada a ja, kada a kawo almakashi. Ki riƙa zaro gashin kaɗan-kaɗan da wutsiyar mataji daga gefe, da ɗigon mai. Sanadinsa gashin da ba a miƙar ba, ko kashin da ya fi rola faɗi ya zubo ta gefe ya naɗe.

Turmi ya kunna amma bai ɗumama ba: rolar ba ta zauna har ƙasa ba, ko ba tasa ba ce, ko wuta ta yi ƙasa. Gwada wata rola, sannan wata soket.

Turmi ya yi aiki ya tsaya ana tsakiyar naɗi: galibi ya yi zafi ne ya kare kansa. Zare shi, ba shi minti 10, duba ramukan shan iska. Ƙurar hunturu da guntayen gashi na toshe su. Busasshen buroshi ya isa.

Rola ta yi zafi fiye da kima ko robarta ta lanƙwashe: an mayar da ita turmi tun ba ta huce ba. Zafi a kan zafi ne. In naɗi ya ɓaci, ajiye wannan ki ɗauki mai sanyi. Wadda ta fashe har ƙarfe ya bayyana, ta gama aiki.

Warin ƙonewa ko fis na yawan tsinkewa: a daina jonawa. Kada ki kwance shi da kanki, akwai sassan da ke riƙe wuta bayan an zare filogi. A kai wa mai gyaran allon lantarki, irin masu gyaran inbata da talabijin, ba mai naɗin fanka ba.

Tsafta

Bayan kowane kai, a tsefe gashin da ya maƙale a ƙayoyi da mataji, a goge da tsumma mai ɗan ruwan sabulu, a bi da auduga mai sifirit, a bar su su bushe sarai kafin su sake shiga turmi. Ba a jiƙa su a bokiti, ruwa na shiga wurin ƙarfe ya kwanta. Ba a tafasa su, ba a sa su a obin. Zafin rola ba ya maye gurbin wanki: in kin ga makero ko kwarkwata a kai, kada rolar ta hau, domin ƙayoyin nan ba abin da ba sa ɗauka. Ramin turmi kuwa busasshen tsumma kawai, bayan an zare filogi, kuma in an tashi daga aiki a kife masa ƙyalle saboda ƙura.